Khayelitsha: tarihin "sabon gida" da zaman jama'arsa a gefen birnin Kap

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda aka kafa Khayelitsha, wadda ita ce mafi girma daga cikin unguwannin baƙar fata na birnin Kap a Afirka ta Kudu, da kuma yadda mazaunanta suka tsara zamansu. Birnin Kap shi ne wanda Ingilishi ke kira Cape Town, Faransawa kuma Le Cap. A harshen Xhosa, ikhaya na nufin gida, -tsha kuwa sabo, ke nan ma'anar sunan unguwar ita ce "sabon gida". Gwamnatin wariyar launin fata ce ta yanke shawarar gina wurin a 1983, alhali mutanen da aka nufa da shi ba su roƙa ba, da yawansu ma sun lashi takobin ba za su je ba.

Tambayar da za mu bi ita ce: ta yaya wurin da aka gina domin a nisanta mutane daga birni ya zama gida gare su, kuma wane irin gida? Ra'ayinmu shi ne kalmar ikhaya tana ɗauke da ma'ana uku a tarihin wannan unguwa: gidan da hukuma ta tsara, gidan asali da baƙi suka baro a karkara, da gidan da mazauna suka ƙwato wa kansu a birni. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, bayan mun daidaita kan kalmomin aiki.

1. Batun kalma

Irin wannan unguwa Ingilishin Afirka ta Kudu na kiranta township. Kafin nan ana cewa location, wadda Xhosa suka ara ta zama ilokishi. Samari kuwa sukan ce ekasi. Ba mu da kalmar Hausa da ta yi daidai da ita, don haka za mu yi amfani da "unguwar keɓe", watau wurin zama da doka ta keɓe wa wani jinsi a bayan gari, aka hana shi zama ko'ina sai can.

Mai karatu zai iya tunawa da Sabon Garin Kano da Turawan Ingila suka ware wa baƙi, ko kuma yadda Faransawa suka raba Filato da unguwannin ƴan ƙasa a Yamai, kwarin Gunti Yena na tsakani. Akwai kama a tunanin da ya haifi waɗannan tsare-tsare. Amma a Afirka ta Kudu abin ya wuce tsarin gari: an mai da shi dokar ƙasa wadda ta ƙayyade wa mutum inda zai kwana, da wanda zai yi wa aiki, da ko matarsa da ɗiyansa za su iya zama tare da shi.

Shi harshen Xhosa na dangin Bantu ne, reshen Nguni, ɗan'uwan Zulu. Shi ne na biyu a yawan masu magana a ƙasar, kimanin kashi 16 cikin ɗari na jama'a. Haruffan c, q da x a rubutunsa na wakiltar sautukan ƙyas na harshe ne. Cibiyar masu shi tana lardin Kap ta Gabas, fiye da kilomita 1000 daga birnin Kap idan aka nufi yankin Mthatha.

2. Dokokin da suka mai da Xhosa baƙi a birnin Kap

Keɓe baƙar fata a birnin Kap ya girmi mulkin wariya na 1948. A 1901, da annoba ta ɓarke, hukuma ta kwashe su daga tsakiyar gari zuwa wani sansani da daga bisani aka kira Ndabeni. A 1927 aka buɗe Langa, sai Nyanga a ƙarshen shekarun 1940, sannan Gugulethu a ƙarshen shekarun 1950.

Bayan 1948 aka ƙara tsananta lamarin. Dokokin 1950 sun rarraba jama'a jinsi-jinsi, suka kuma raba wa kowane jinsi yankinsa. Gyaran dokar 1952 ya hana baƙar fata wuce awa 72 a birni sai da sharaɗi: ko an haife shi can bai taɓa ƙaura ba, ko ya yi shekara 10 wajen ubangida ɗaya, ko ya yi shekara 15 da izini. Kowa kuma sai ya riƙe takardar izinin yawo, wadda ƴan sanda ke iya tambaya a kowane lokaci.

Yankin Kap ta Yamma ya samu ƙarin doka tasa ta daban. A 1955 sakataren harkokin ƴan ƙasa, W. W. M. Eiselen, ya bayyana manufar fifita waɗanda hukuma ta kira Kalad wajen ba da aiki, watau jikokin Khoi da San, da na bayin da aka kawo daga Asiya da wasu sassan Afirka, da masu gaurayen asali. Ba a ɗaukar Baxhosa aiki sai an rasa Kalad. Burin shi ne a rage baƙar fata a yankin sannu a hankali. Saboda haka gwamnati ta kusan daina gina masu gidajen iyali, sai ɗakunan kwanan gwauraye na ƴan ƙwadago. Da aka ba Transkei a 1976 da Ciskei a 1981 ƴancin kai na jeka-na-yi-ka, wanda babu ƙasar waje da ta amince da shi, sai miliyoyin Xhosa suka wayi gari doka ta ce ba ƴan Afirka ta Kudu ba ne.

Duk da haka mutane ba su fasa zuwa ba, domin ƙasar da aka bar masu a karkara ba ta ci da su, masana'antu da tashar jiragen ruwa kuma na buƙatar hannu. Mata musamman suka riƙa biyo mazansu ba da izini ba, suna kafa bukkokin tol da katako. Haka Crossroads ta samu a 1975. Hukuma ta rushe Modderdam da Unibel da Werkgenot tsakanin 1977 da 1978, amma Crossroads ta gagara, saboda tsayin dakan matanta da surutun da ya tashi har ƙasashen waje.

3. Gidan da hukuma ta tsara: 1983 zuwa 1986

A watan Maris na 1983 minista Piet Koornhof ya sanar da gina Khayelitsha, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da tsakiyar birni, a kan tuddan rairayi kusa da gaɓar teku. Shirin farko shi ne a tattara duk baƙar fatar da ke da izinin zama a yankin, har da mutanen Langa da Nyanga da Gugulethu, a zuba su wuri guda. Marasa izini kuwa a mai da su Transkei da Ciskei. An baje tuddai, aka yi loti, aka gina ƙananan gidaje kimanin 5000. Teku na kudu, babbar hanyar mota na arewa, hanyoyin shiga kaɗan ne, abin da ya sa toshe unguwar ba shi da wuya idan an yi tarzoma.

Amsar jama'a ta fito cikin taken Asiyi eKhayelitsha, watau "ba za mu Khayelitsha ba". A watan Fabrairu na 1985 jita-jitar kwashe mutane da ƙarfi ta jawo arangama a Crossroads, aka kashe mutum 18. Gwamnati ta janye batun kwashe tsofaffin unguwanni, ta koma lallashi: ta buɗe sashen Site C, inda ake ba iyali fegi da famfo da makewayi na tarayya, da izinin zama na wata 18. Wasu shugabannin bukkoki suka karɓa, suka ƙaura da mabiyansu.

Abin da lallashi bai yi ba, wuta ta yi shi. A watannin Mayu da Yuni na 1986, wasu mazaje masu ɗaura farin ƙyalle, da ake kira witdoeke, magoya bayan shugaban Crossroads Johnson Ngxobongwana, suka far wa sansanonin da ke kewaye da Crossroads da kuma KTC, inda matasan gwagwarmaya ke da ƙarfi. An kashe kimanin mutum 60, wasu kimanin 60,000 suka rasa matsuguni, da yawansu kuma ba su da mafita sai Khayelitsha. Hukumar Gaskiya da Sasantawa, a rahotonta na 1998, ta tabbatar cewa jami'an tsaro sun mara wa maharan baya. Littafin Josette Cole kan Crossroads, na 1987, ya bi wannan tarihi daki-daki.

Abin lura shi ne a wannan shekara ta 1986 aka soke dokar hana shigowa birane. Ke nan unguwar da aka gina domin taƙaita yawan Xhosa a Kap ita ce ta zama babbar ƙofar shigarsu.

4. Yawan jama'a, muhalli da nisa

Ƙidayar 2011 ta samu mutum 391,749 a Khayelitsha, kusan kashi 99 cikin ɗari baƙar fata, kimanin kashi 90 kuma Xhosa ne harshensu na farko. Akan ji ƴan jarida na cewa miliyan ɗaya ko fiye, amma ƙidaya ba ta goyi bayan haka ba. Ya kamata ɗalibi ya yi hattara da irin waɗannan alƙaluma. A wannan ƙidaya, kashi 45 ne kawai na iyalai ke cikin ginannen gida, sauran suna cikin bukka, wadda Xhosa ke kira ityotyombe. Kashi 38 na masu neman aiki ba su da shi, kuma kashi 74 na iyalai ba sa samun fiye da rand 3200 a wata.

Kuskure ne a ɗauki unguwar kamar abu guda. A Ilitha Park akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya masu gidajen bashin banki. A Kuyasa da Makhaza akwai gidajen da gwamnati ta raba kyauta bayan 1994, galibi da bukkar ɗan haya a bayan gida. A Enkanini da Endlovini kuwa mutane ne suka mamaye fili suka kafa bukkoki. Sunayen kansu abin nazari ne: ilitha haske ne, kuyasa na nufin gari na wayewa, Enkanini kuma daga inkani take, watau taurin kai, sunan da ke nuna yadda aka samu wurin. Harare da Mandela Park suna tuna zamanin gwagwarmaya, alhali Site B da Site C na nan da lambobin da injiniyoyin hukuma suka sa masu.

Masu bukka na fama da abu biyu. Damina a Kap tana zuwa ne da sanyi, tsakanin Yuni da Agusta, kuma ruwan ƙasa na kusa, sai ɗakuna su cika. Da rani kuma iska mai ƙarfi na hura gobara, kamar ta ranar 1 ga Janairu 2013 a sashen BM, wadda ta cinye ɗaruruwan bukkoki.

Amma babban gadon 1983 shi ne nisa. Ayyuka suna tsakiyar birni da unguwannin masu hali, don haka mai aikin gida ko mai gadi kan fita tun kafin asuba, kuɗin mota kuma ya ci babban rabo na albashinsa. Jirgin ƙasa, wanda shi ne mafi arha, ya tsaya a ƙarshen 2019 saboda satar wayoyi da ɓarna, sai bayan shekaru aka fara maido da shi sashe-sashe. Da direbobin ƙananan motocin haya suka yi yajin aiki a watan Agusta na 2023, dubban mutane a ƙasa suka tako zuwa gida. Dokar wariya ta faɗi, taswirar da ta zana kuwa tana nan.

5. Gidan asali: zaman gida biyu

Mafi yawan manyan Khayelitsha a Kap ta Gabas aka haife su. Idan ɗayansu ya ce ekhaya, "a gida", sau da yawa ƙauyensu yake nufi, yankin da suke kira emaXhoseni. Akan tambayi mutum inda cibiyarsa take, kamar yadda Bahaushe ke cewa inda aka binne cibiya. Monica Wilson da Archie Mafeje, a nazarinsu na Langa na 1963, sun riga sun bayyana amagoduka, "masu komawa gida", da ƙungiyoyin abakhaya, watau ƴan gari ɗaya da ke karɓar sabon zuwa, su ba shi masauki, su nema masa aiki. Wannan ya yi kama da ci-rani, sai dai ɗan ci-rani damina ce ke mai da shi gida, shi kuwa amagoduka a wancan zamani ƙarewar kwangila da doka ne ke korarsa.

Yau babu dokar da ke kora, amma zirga-zirgar ba ta yanke ba. A watan Disamba unguwa kan rage mutane, motoci na ɗibarsu zuwa gabas. Dalilin yana cikin al'ada. A garken shanu na gidan uba, ubuhlanti, ake yanka domin kakanni, izinyanya. Kaciyar samari, ulwaluko, wadda sai da ita ake kiran mutum namiji, ana yin ta a tsakiyar shekara da ƙarshenta. Iyalai da yawa na aika ɗansu ƙauye, wasu kuma na kafa bukkar keɓewa a ɗan dajin da ya rage a gefen unguwa, wanda gine-gine ke cinyewa kullum.

Jana'iza ce ta fi nuna ƙarfin wannan igiya. Mutane da yawa na so a binne su kusa da kakanninsu, don haka duk ƙarshen mako ana ɗaukar gawa da masu rakiya a yi tafiyar dare guda zuwa gabas. Kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa ƙungiyoyin jana'iza suka yawaita, waɗanda ake kira umasingcwabane, "mu binne juna". Kusa da su akwai umgalelo, wanda shi ne adashe, da ƙungiyoyin matan coci, manyano, masu taruwa ran Alhamis cikin tufafi iri ɗaya. Galibi mata ne ke riƙe da waɗannan ƙungiyoyi.

Sai dai ɗiyan da aka haifa a Khayelitsha ba duka ke kallon ƙauye a matsayin gida ba. Wasunsu baƙi ne can, Xhosarsu ta birni ce, gauraye da Ingilishi da Afirkans. Ga kuma masu mulkin lardi da har yanzu kan yi masu kallon baƙi: a 2012 shugabar lardin Kap ta Yamma, Helen Zille, ta kira ɗaliban da ke zuwa daga Kap ta Gabas ƴan gudun hijira, maganar da ta tayar da ƙura ƙwarai, domin ta tuna wa mutane zamanin Eiselen.

6. Gidan da aka ƙwato: daga taimakon juna zuwa neman haƙƙi

Ma'ana ta uku ta fito ne daga yadda mazauna suka riƙa tilasta wa hukuma ta ɗauke su cikakkun ƴan birni. Misali mafi shahara shi ne na cutar sida. A 1999 aka fara shirin kare jarirai daga ɗaukar ƙwayar cutar daga uwa a Khayelitsha, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta shigo. A watan Mayu na 2001 ta fara ba da maganin rage ƙarfin ƙwayar a ƙananan asibitocin gwamnati, lokacin da shugaba Thabo Mbeki ke shakkar alaƙar ƙwayar da cutar, wasu masana kuma ke cewa talaka ba zai iya bin ƙa'idar shan magani ba. Ƴan ƙungiyar TAC, wadda aka kafa a 1998, suka shiga gida-gida suna bayyana aikin ƙwayar da na maganin da harshen Xhosa. A 2002 aka shigo da magani mai arha daga Barazil, a watan Disamba na shekarar kuma Nelson Mandela ya ziyarci asibitin Site C. Sakamakon Khayelitsha na cikin hujjojin da suka kai ga fara raba maganin a ƙasa baki ɗaya a 2004.

Wasu ƙungiyoyi suka bi wannan sawu. Equal Education ta fara a 2008 da neman a gyara tagogi 500 da suka farfashe a wata makarantar sakandare ta unguwar, ta kai ga ƙa'idojin ginin makarantu na ƙasa a 2013. A 2011 babbar kotu ta yanke cewa makewayan da hukumar magajin gari ta girka a Makhaza ba tare da bango ba sun keta mutuncin ɗan Adam. Social Justice Coalition, wadda ta samu a 2008 bayan hare-haren ƙin baƙi, ta haɗa batun makewayi da na tsaro, domin macen da za ta yi tafiya mai nisa cikin dare zuwa makewayi tana cikin haɗari.

Ƙorafin waɗannan ƙungiyoyi ne ya sa aka kafa hukumar bincike kan aikin ƴan sanda a 2012, ƙarƙashin mai shari'a Kate O'Regan da lauya Vusi Pikoli. Rahotonta na watan Agusta 2014 ya nuna cewa amana ta lalace tsakanin jama'a da ofisoshin ƴan sanda uku na unguwar, kuma rabon ƴan sanda bai bi yawan laifi ba. A 2018 kotun daidaito ta ce wannan rabo wariya ne bisa launi da talauci.

Bai kamata a ƙawata hoton fiye da kima ba. Kwamitocin layi da suka samo asali daga shekarun 1980 suna sasanta rigima, amma inda aka yanke ƙauna daga ƴan sanda, taron jama'a kan kashe wanda ake zargi da sata. Ƴan Somaliya masu ƙananan kantuna, spaza, sun sha hari a 2008 da bayanta. Haɗin kan da ke kare ɗan gida shi ne wani lokaci ke juyawa kan baƙo.

Kammalawa

Mun ga cewa Khayelitsha ta samu ne daga manufar da ta ci tura. Hukuma ta so wurin tsare ma'aikata nesa da birni. Waɗanda suka zo sun riƙe gidansu na gabas, suka kuma yi amfani da dabarun taimakon juna wajen tsayuwa a sabon wuri. Ɗiyansu da jikokinsu na neman asibiti da makaranta da tsaro a matsayin haƙƙi. Ma'anonin nan uku suna tare har yau, wani lokaci a cikin iyali ɗaya, inda uwa ke biyan kuɗin ƙungiyar jana'iza domin a mai da ita ƙauye, ɗiyarta kuma ke jiran sunanta ya fito a jerin masu samun gida a birni.

Ga mai nazarin harshe da zaman jama'a, akwai aiki a nan: bin yadda ake amfani da ikhaya da ekhaya tsakanin tsara da tsara, da duba wurin da iyalai ke zaɓa domin binne mamatansu. Ranar da mafi yawan mazauna suka zaɓi a binne su a Kap, za a iya cewa sunan unguwar ya tabbata.